Auren Shekara Ashirin da Uku, Ba Takarda

Sai da na yi wata biyu a Jidda sannan na gane cewa a garin nan ni ba matar aure ba ce. Ba wanda ya sake ni, ba wanda ya rasu. Mijina yana nan da ransa da lafiyarsa, yana taka keken ɗinki a shagon wani Balarabe a Sharafiyya, 'ya'yanmu huɗu suna gida wajen kakarsu. Amma duk inda muka je neman ɗaki sai a miƙo hannu a ce mu kawo takardar aure, mu kuwa ba mu da ita.

Malam, mijin nawa, ya riga ni zuwa da shekara huɗu. Ni wani kamfanin shara da goge-goge ne ya ɗauko ni, aka sa ni a wata makarantar 'yan mata. Kafilinsa, wato wanda ya ɗauko shi aiki, daban, nawa daban. A zatona ina sauka zan wuce ɗakin mijina in ajiye jaka, har kuka da daddawa na ƙullo a tsumma saboda tuwon farko. Sai motar kamfani ta kwashe mu daga filin jirgi ta zube mu a Waziriyya, a wani gida mai hawa uku da ba namijin da ke wuce ƙofarsa.

Mu takwas ne a ɗaki, gado a kan gado. Ni aka ba na sama, da shekaruna arba'in da ɗaya. Kwana uku ina hawa da bismillah ina sauka da hasbunallahu, har wata 'yar Maraɗi ta ji tausayina muka yi musaya. Zafin garin kuma ba irin namu ba ne. Namu busar da mutum yake yi, na Jidda jiƙa shi yake, ka fito daga wanka kana neman wani. Idan na kira gida autata ta karɓi waya, sai ta ce, "Mama, ba Baba mu gaisa." In ce mata ya fita. Na kasa gaya mata cewa ni ma sau ɗaya nake ganin ubanta a mako.

Mai kula da mu a gidan Hajja Batula ce, Bahaushiyar Sudan, dattijuwa mai faɗin jiki da faɗin zuciya. Kakanninta sun taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa za su hajji, suka yada zango a bakin kogi a Sudan, zangon ya zama gida. Hausarta rabi Larabci ce. Ita ta gaya mini ƙa'idar kamfani: matar aure tana iya komawa wajen mijinta, in ta kawo takardar aure da takardar hayar ɗaki.

"Kafin nan fa, Hajja?"

"Kafin nan, ya bitti, 'yata, mijinki ya zo zance."

Wasa na ɗauka take yi, ashe haka za a yi. Duk Juma'a bayan la'asar Malam zai zo ya tsaya a gindin wata bishiya da ke ƙetaren titi, maigadi ya buga ƙararrawa. Matan ɗakinmu su ruga taga.

"Saude, saurayinki ya iso. Yau har da sabuwar hula."

"Don Allah ku bari."

"Ki ce masa ya turo manya. Zancen nan ya yi tsawo, unguwa ta fara magana."

In sa abayata in sauka, kunya kamar ta kashe ni. Shi ma da furfurarsa sai ya kama sunkuyar da kai yana tambayata ko na ci abinci. Mu taka zuwa wajen masu ful da tamis, wato waken nan da suke damawa da mai da faffaɗan burodinsu na tanda, mu zauna a benci mu ci muna hirar yara. Ana kiran magariba ya rako ni ƙofa ya juya. Gaskiya ko lokacin da yake nemana a ƙauye ban samu zance mai tsawon wannan ba, don a lokacin ƙanwar babana ce ke zama a tsakaninmu tana tsinkar zogale.

A wata na uku Malam ya samo ɗaki a Sharafiyya, kusa da shagonsu. Ciki ɗaya ne da ɗan madafi da banɗaki, a hawa na biyu, tagarsa tana kallon rufin wani masallaci. Ina shiga na ga inda zan ajiye tukwanena. Mai kula da gidan wani saurayi ne da ake kira Abu Yasir, haifaffen Jidda, jikan alhazan da suka zo tun da can ba su koma ba. Baƙar fata ne kamar mu, yana jin Hausa sarai, faɗinta ne ke ba shi wuya.

"Ya Ammu, ya Khala, ɗaki akwai," ya ce. "Bas gidan nan na iyali ne. Lazim aƙad, takardar aure."

Malam ya gyara tsayuwa ya yi masa bayani dalla-dalla. A ƙofar gidan mahaifina aka ɗaura, bayan an sauko daga Juma'a. Liman ya zo, waliyyina ya ba da ni, wakilinsa ya karɓa, an ambaci sadaki, an shafa fatiha, an raba goro.

"Kwayyis. Wa ya rubuta?"

"Ba a rubuta ba. Kowa ya ji ai."

Malam ya ciro waya ya nuna masa hoton yara su huɗu a jere ranar Sallah. Abu Yasir ya duba ya ce mashallah, babban ma kamar an tsaga kara da ubansa. Sannan ya mayar da wayar da hannu biyu.

"Wallahi na yarda, ya Ammu. Amma na'ura ba ta karɓa hoto. Ku kawo waraga, takarda. Ni zan riƙe ɗaki zuwa ƙarshen wata, ba zan ba wani ba. Bayan haka babana zai yi magana."

Saura kwana ashirin da shida. A mota na ƙirga su a yatsu.

A nan ne na yi wautar da har yau in na tuna sai in rufe fuska. Wata a ɗakinmu ta ba ni labarin wani mutum da ke zama kusa da shagunan masu buga takardu, wai ba takardar da ba ya fitarwa. Ustaz ake ce masa. Ranar Asabar ba aiki, na tafi ni kaɗai ban gaya wa Malam ba, so nake in ba shi mamaki. Na tarar da mutum fes cikin farar jallabiya, alƙalami uku a aljihu, Hausarsa kamar ta gidan rediyo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushi.

"Hajiya, shekara nawa kuna tare?"

"Ashirin da uku."

"Ƙarƙashin rufi ɗaya?"

"In ban da huɗun nan da ya taho."

"To ai ke kin gama. Ba ki san doka ba ne. Namiji da mace in suka daɗe tare, doka da kanta take ɗaura musu aure. A Turai shekara bakwai ma ta isa. Ke da kike da ashirin da uku, ai kin yi aure uku da ɗoriya. Abin da za a rubuta kawai shi ne kun zauna tare tsawon nan, halas."

Maganar ba ta kwanta mini ba, na ce masa mu fa an ɗaura mana. Ya ce wannan ba matsala, ƙari ne. Na ba shi abin da ya nema, ya shiga wani shago, bai daɗe ba ya fito da takarda mai kan sarki shuɗi har biyu. Ni boko na iya, shi ma a ajin yaƙi da jahilci na koya bayan na haifi na uku. Ina karanta Hausa a hankali, ina rubuta wasiƙa. Larabcin ofis kuwa sai dai in kalle shi. Na naɗe takardar a leda na sa a jaka, ina tafe ina murmushi ni kaɗai.

Allah Ya taimake ni na fara nuna wa Hajja Batula. Tana zaune tana soya bunna, wato 'ya'yan kofi, a ɗan kaskonta. Ta sa tabarau ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa.

"Wa ya gani ban da ni?"

"Ba kowa."

"Alhamdulillah. Zauna, ya bitti. Kin san abin da kika sayo? Takardar nan cewa ta yi ke da mutumin nan kun shekara ashirin da uku kuna zaune ɗaki ɗaya. Ba kalmar aure a ciki ko ɗaya. Yaya kuke ce masa a Hausarku, zaman nan da ba fatiha?"

'Yar Maraɗi ce ta amsa daga kan gado, a hankali: "Dadiro."

Ni Saude, da aka kai ni ɗaki da guɗa, na je da ƙafata na sayi shaidar zaman dadiro, har da kan sarki biyu. Can wata ta kasa riƙewa ta tuntsire, sauran suka bi, ni ma ina hawaye ina dariya. Hajja Batula ta tura takardar cikin garwashin kaskonta, ta ɗora jar butar kofi a kai.

"Shekaru ba sa ɗaura aure," ta ce. "Ko ɗari ne. Waliyyi da shaidu ke ɗaurawa, kuma ke an ɗaura miki. Shaidar abin da aka riga aka yi kike nema."

Na koma neman Ustaz ranar Asabar ta gaba, aka ce ya tafi Makka. Har yau bai dawo ba.

Maganarsa ta Turai kuwa ta tsaya mini a rai, sai da na tambayi wata malamar Turanci a makarantarmu, wadda ta yi zama a Ingila, muna ɗan gaisawa in na shiga share ofishinsu. Da ɗan Larabcina da nuni da hannu muka fahimci juna. Ta ce a can ma mutane da yawa haka suke zato, su shekara da shekaru tare suna ganin doka ta mai da su ma'aurata, sai ranar da ɗaya ya rasu ko aka rabu sannan su tarar ba haka ba ne. Ta ce akwai wuraren da ke da wani abu mai kama da haka, da nasu sharuɗɗan, amma Jidda ba ta ciki. Ta ba ni dabino uku ta ce in daina karɓar fatawa a bakin titi.

Da na gaya wa Malam ranar Juma'a, ban ɗaga kai ba. Na zaci zai yi faɗa. Dariya ya yi har ful ya sarƙe shi, na buga masa baya. Da ya dawo daidai sai ya ce ya riga ya je ofishin ƙasarmu ya tambaya. Hanya biyu ce. Ko a aika gida kotu ta rubuta, takarda ta bi ofisoshi ana buga mata kan sarki, abin da zai ci watanni. Ko a kawo maza biyu a nan Jidda waɗanda suka halarci ɗaurin auren, su yi rantsuwa, su faɗi rana da shekara.

"Malam Sale yana nan," na ce. Malam Sale direba shi ne abokin ango a bikinmu, shi ma ya yi wa Malam hanyar zuwa Jidda. "Saura ɗaya."

"Ba ɗayan," in ji Malam, yana kallon titi. "Amma akwai hanya mai sauƙi. A sake ɗaurawa a nan. Wanki ya wakilta wani ta waya, a samo shaidu biyu a masallaci, a rubuta. Kwana biyu an gama."

"Wace rana za a rubuta a takardar?"

"Ranar da aka sake ɗaurawa."

"Ta bana ke nan."

"To mene ne? Takarda ce kawai, Saude."

Ni ba mai musu ba ce. Shekara ashirin da uku ban cika ce masa a'a ba. Amma na ajiye burodin da ke hannuna.

"Malam, babban yaronmu shekararsa ashirin da biyu. In takarda ta ce bana aka ɗaura, duk wanda ya ɗora ta kusa da takardar haihuwarsa me zai karanta? Waccan da Hajja ta ƙona da wannan, wace ce ta fi?"

"Wa zai ɗora?"

"Ban sani ba. Takarda tana daɗewa fiye da mai ita. Na fi son in koma gadon sama."

Ya rako ni ƙofa, ranar ko sai da safe bai yi mini da kyau ba. Saura kwana goma sha tara.

Malam Sale ne ya fasa ƙwan. Na kira shi in ji ko ya san wani ɗan garinmu, ko da wanda ya zo Umara ne.

"Au, bai gaya miki ba? Ai Ɗanjuma yana Balad, tsohon gari."

"Wane Ɗanjuma?"

"Maman yara, Ɗanjuma nawa kika sani?"

Ɗaya na sani. Shi ya fara kai kuɗin gaisuwa gidanmu kafin Malam, mahaifina ya mayar masa saboda a lokacin ba shi da sana'a sai kokawa. An ce ya zo ɗaurin auren ya tsaya a baya, washegari aka neme shi a gari aka rasa. Ashe Jidda ya ƙare, yana da tukubar tsire a Balad, da mata da 'ya'ya shida. Malam Sale ya ce shekara huɗun nan Malam a Balad yake kwana, ɗakin 'yan aiki, kuma kullum sai ya zaga ta bayan kasuwa don kada ya bi ta layin Ɗanjuma.

"Tafiyar minti biyar yake mayarwa ta ashirin," in ji Malam Sale. "Na ce masa ƙafarka ce."

Na kira Malam. Ban yi masa gori ba. Na ce ranar Juma'a ina sha'awar tsire, kuma na ji an ce na Balad ya fi.

Can ya ce, "Sale ba ya riƙe magana."

Ranar ce na fara shiga Balad sosai. Dogayen tsofaffin gidaje na farin dutse, tagoginsu na katako sun turo kai waje, lunguna ƙanana, ƙamshin turare da na kifi a haɗe, kyanwoyi ko'ina kamar su ke karɓar haya. Malam yana gaba yana tafiya kamar wanda za a cire wa haƙori, ni da Malam Sale muna biye. Tun daga nesa na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli a wuta, hawaye ya kawo mini, don tun da na zo ban ji abin da ya yi kama da gida haka ba. Larabawa sun yi layi suna jira, su sire suke ce masa.

Mai tukubar ya yi ƙiba, gemunsa fari fat, ba alamar ɗan kokawa sai kafaɗu. Malam ya yi sallama. Ya ɗago ya dube shi, ya dubi Malam Sale, ya dube ni, ya mayar da ido kan wuta ya juya tsinke.

"Tela," ya ce. "Yau hanyar bayan kasuwa a rufe take?"

"Ka san ina zagayawa?"

"Shekara huɗu ina hango hularka tana wucewa ta can. Na ce bari in ga ranar da takalminka zai gaji."

Malam Sale ya fashe da dariya. Aka kawo mana benci. Ɗanjuma ya gaishe ni da ladabi, ido a ƙasa, ya tambayi yara da mutanen gida, ya yi mini ta'aziyyar mahaifina da ya ji labarin rasuwarsa tun shekarun baya. Ya cika faranti ya ajiye a gabanmu. Malam ya yi ta kewaye-kewaye, daga tsadar zare ya koma zafin gari, sai da Malam Sale ya gaji ya faɗi abin da ya kawo mu.

Ɗanjuma ya ajiye wuƙa ya goge hannu.

"Bari in gane. Ni ake so in je gaban hukuma in rantse cewa kai ka aure ta."

"Haka ne."

"Ni."

"Kai."

"Allah mai iko. To wace rana ce aka ɗaura? Faɗa mini in ji, ango."

Malam ya ce da damina ne. Malam Sale ya ce ina, da rani ne, don ya tuna rawaninsa ya jiƙe da gumi. Ni abin da na riƙe shi ne bayan Sallah ne, don lallen Sallah bai gama fita a ƙafata ba aka sa na biki. Shekarar ma sai da suka yi gardama, wannan ya ce shekarar da rijiyar masallaci ta rufta, wancan ya ce wadda ta biyo ta.

Ɗanjuma yana kallonsu yana girgiza kai.

"Juma'ar farko bayan ƙaramar Sallah. Liman ya makara saboda jakinsa ya ɓata. Goro fari aka raba, guda biyu aka miƙo mini, ban ci ba. Asabar da safe na hau motar Kano, a watan na yi fasfo. Yana nan a akwati, shekarar tana jiki." Ya nuna Malam da tsinken tsire. "An ba ka mace ka manta ranar. Ni da aka hana ban manta ba."

"Za ka je?" in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa.

"Zan je. Amma ba don kai ba, don yaran. Kuma ka ɗinka mini jallabiya, da aljihu biyu."

Kafin mu tashi ya aika aka kira matarsa, wata Bahaushiyar Sudan doguwa mai fara'a. Ashe ta san labarin tun kafin ya aure ta. Ta riƙe hannuna ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke ce? To na gode miki, 'yar'uwa. Da an ba shi ke da ni ina can ina jira." Ta cusa mini ƙullin yaji a jaka.

Ranar Talata na nemi izini a wajen aiki muka je ofishin. Ma'aikacin ɗan ƙasarmu ne, mai haƙuri. Ya karɓi iƙamominmu, wato katinan zamanmu a ƙasar, ya duba tsohon fasfon Ɗanjuma, ya lissafa ranar a kalandar wayarsa ta fito Juma'a daidai. Shaidu suka yi rantsuwa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juyo gare ni.

"Hajiya, sunan mijinki cikakke."

Na sunkuyar da kai. Tun da aka kai ni gidansa sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ko wani mai irin sunan na gani, mai sunan Malam nake cewa.

"Ai yana jikin iƙamarsa," na ce.

"Na gani. Daga gare ki ake so."

"In ta kasa ni in faɗa," in ji Ɗanjuma daga baya. "Na daɗe ina ambatonsa, ba da alheri ba."

Ma'aikacin ya danne dariyarsa. Ya ce tasa uwar ma haka take, har ta rasu ba ta kira sunan babansa ba. Ya turo mini farar takarda da biro ya ce rubutu ma ya wadatar. Na rubuta a hankali, harafi bayan harafi. Malam ya leƙo ta kafaɗata yana kallo.

"Ashe kin san shi," ya ce.

Kwana shida takardar ta yi tana zagaya wajen fassara da kan sarki. Kullum in na tashi sai in ƙirga abin da ya rage. Ta fito ana saura kwana biyu wata ya ƙare. Wannan karon ban bar ofishin ba sai da aka karanta mini ita da Hausa, na ji kalmar aure da kunnena, na ji ranar, na ji shekarar. Na kai wa Hajja Batula ita ma ta sa tabarau ta tabbatar, ta yi guɗa irin tasu ta Sudan. Matan ɗakinmu suka haɗa mini kayana, 'yar Maraɗi tana cewa an dai turo manyan a ƙarshe.

Abu Yasir ya karɓi takardar a bakin ƙofar gidansu ya karanta. Ya kai kan shekarar ya tsaya, ya ƙirga da yatsu.

"Ya Khala, wannan lokaci ni ina aji uku." Ya ciro makulli ya miƙa wa Malam. "Mabruk. Yalla, ku hau."

Bayan la'asar muka shiga. Ba komai a ɗakin sai katifa da tabarma da ɗan risho da Malam Sale ya ba mu aro. Na buɗe taga, tattabaru suna yawo a rufin masallaci. Malam ya cire hula ya rataye a ƙusa, ya miƙe a tabarma ya yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Saude, yau dai a ci tuwo. Na gaji da wake."

Na zauna a bakin katifa na miƙe ƙafa. Na ce masa ai a garinmu amarya ba ta shiga madafi sai ta kwana bakwai, kuma yau na tare.

Bai ko tashi zaune ba. Ya laluba aljihu ya ciro takardar, ya warware ta, ya ɗaga mini ita sama.

"Na so in mai da ke amarya kin ƙi. Ga abin da kika ce a rubuta. Ashirin da uku."

Na duba, kan sarki ne har uku, ba inda zan kai ƙara. Na tashi na ɗora ruwa.